Wasiƙa Daga Likitan Iyali



Maganarmu ta yau ta taso ne daga wata tambaya da ta iso mu daga nesa. Akwai wata 'yar'uwa da iyayenta ke cikin ikkilisiyarmu, ita kuwa tana zaune a ƙasar Ingila tare da mijinta. Kwanan baya wasiƙa ta zo wa mijin daga wurin likitansu na iyali. Mutumin yana da hawan jini, an kuwa rubuta masa cewa ana wani bincike a kan masu irin ciwonsa, ko zai yarda ya shiga. Matar ta faɗa wa mahaifiyarta ta waya. Tsohuwar ba ta jira ƙarshen zancen ba, ta ce, "Kada ya kuskura! Ko kun manta da abin da ya faru a Kano?" Da gardama ta yi tsawo a gidan, sai suka kawo mana zancen.

Mu ba likitoci ba ne. Amma mun ga ya kamata mu bi maganar daki daki, gama 'ya'yanmu da yawa suna zaune a ƙasashen nan yanzu, irin wannan wasiƙa kuwa za ta riƙa zuwa. Ko mu da muke gida ma, wata rana za a iya tare mu a asibiti da takarda a hannu, a ce mu sa hannu.

Bari mu fara da yadda tsarin yake a can, domin ya sha bamban da namu. Tun shekarar 1948 ƙasar Birtaniya take da hukumar lafiya ta ƙasa da ake kira NHS. A ƙarƙashinta kusan kowane mutum yana rubuta sunansa a wani ƙaramin asibiti na unguwarsu, wurin likitan iyali, wanda suke kira GP. In ba lamarin gaggawa ba ne, ba ka tashi kai tsaye ka je babban asibiti. Wurin likitan iyali za ka fara zuwa, shi ne zai duba ka, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya tura ka gaba. Saboda haka labarin lafiyar mutum yana taruwa wuri ɗaya shekara da shekaru: allurar da aka yi masa yana yaro, magungunan da ya sha, awon jininsa, da ciwon da ya taɓa kwantar da shi. In ya ƙaura zuwa wani gari, takardunsa su bi shi.

To, ga dalilin da masu bincike suke zuwa ƙofar likitan iyali. Babban asibiti yana ganin mutum ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsa. Likitan iyali kuwa yana ganinsa tun ciwon yana ƙarami, yana ganinsa bayan ya warke, yana kuma ganin dubban mutanen da ba za su taɓa kwana a asibiti ba. Yawancin ciwon da ke damun ɗan Adam, kamar su hawan jini, ciwon sukari, asma, ciwon gaɓoɓi da tari, a can ake jinyarsu. Wanda yake son sanin gaskiyar magani, dole ya je inda ake shansa kullum.

Abin ba yau ya soma ba. Dattawanmu sun san agana, wasu ma har yanzu suna da tabon lamba a damtse. Wanda ya buɗe hanyar wannan lamba likitan ƙauye ne, Edward Jenner, a wani ƙaramin gari mai suna Berkeley. A shekarar 1796 ya ɗebi ruwan ƙurji irin na shanu daga hannun wata mai tatsar nono, ya sa wa ɗan mai kula da lambunsa, yaro mai shekara 8. Bayan 'yan makonni ya sa masa ruwan agana ta ainihi da gangan, yaron bai kamu ba. A shekarar 1980 aka shelanta cewa agana ta ƙare a duniya. Amma mu lura da kyau: abin da Jenner ya yi wa yaron nan, ba hukumar da za ta yarda da shi yau. Ɗan bara ne a gidan maigida, ina bakin da zai ce a'a? Tun daga farko ke nan amfani da haɗari suke tafiya tare cikin wannan aiki.

Akwai kuma wani likitan ƙauye, William Pickles, wanda ya yi shekara wajen 50 yana aiki a kwarin Wensleydale a arewacin Ingila. Shi bai gwada wa kowa magani ba. Rubutu kawai yake yi, shi da matarsa: wane ne ya kamu, a wane ƙauye, wace rana, da wa ya haɗu kafin nan. Da shawara ta ɓarke a yankin a 1929, ya bi sawunta gida gida, har ya gane cewa takan yi kamar wata ɗaya a ɓoye cikin jiki kafin ta fito. Ya san kowa da kowa, shi ya sa ya iya. Wannan shi ne irin binciken da ya fi yawa a wurin likitan iyali har yau, sai dai kwamfuta ta karɓi aikin alƙalami.

Domin haka idan wasiƙa ta zo, abu na fari shi ne a gane me ake roƙo, gama kalmar bincike tana da faɗi. Wani lokaci tambayoyi ne kawai za ka amsa a takarda ko a waya: yaya barcinka, me kake ci, yaya ciwon yake tashi. Wani lokaci za a ɗebi jini kaɗan, ko a auna ka sau biyu a shekara. Akwai ma wanda ba a taɓa jikinka ko kaɗan, bayanan da ke cikin kwamfutar asibiti ake tarawa bayan an cire suna da adireshi, a haɗa da na miliyoyin mutane a duba. Tun 2018 mutumin da ke Ingila yana da hanyar da zai ce kada a yi amfani da bayanansa na sirri don bincike. Sai kuma mai nauyin cikinsu, wato gwajin magani, inda za a ba ka abin da za ka sha ko a yi maka allura. A nan ne ya kamata mu daɗe.

Wani abu da ya kwantar wa 'yar'uwar nan hankali shi ne da ta ji yadda sunan mijinta ya fito. Ta yi zaton an sayar da sunansa ga wasu baƙi. Ba haka aka saba yi ba. Masu bincike sukan gaya wa asibitin irin mutanen da suke nema, misali mai shekara kaza da ke shan magani kaza. Ma'aikatan asibitin ne suke dubawa cikin takardunsu, su aika wasiƙar da sunan asibitin. In mutum bai amsa ba, maganar ta tsaya nan. Gaskiya ne ana biyan asibitin kuɗin wahalar da ya yi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kana kuwa da ikon tambaya.

Yanzu ga yadda gwajin magani yake tafiya. Bari mu ɗauki misali na lokacin korona. A shekarar 2020, sa'ad da cutar ta rufe duniya, kowa yana faɗin nasa magani. Jami'ar Oxford ta shirya wani gwaji mai suna PRINCIPLE domin tsofaffi da masu wani ciwo a jiki waɗanda suka kamu amma suna jinya a gida. Da yawa ta hannun likitocin iyali suka shiga. Idan mutum ya yarda, ba shi ne zai zaɓi abin da za a ba shi ba, ba kuma likitansa ba. Kwamfuta ce take jefa ƙuri'a: wannan ya sami jinyar da aka saba, wancan ya sami jinyar da aka saba haɗe da maganin da ake gwadawa. Sa'an nan kowa ya riƙa ba da labarin jikinsa har kwana 28.

Mutane da yawa wannan ƙuri'a ce take ba su haushi. Sukan ce, yaya za a yi caca da lafiyata? Amma mu yi tunani. Da likita ne yake zaɓa, ko bai yi niyya ba, zuciyarsa za ta sa ya ba masu ƙarfin jiki sabon magani, ya bar raunana a kan tsohon. A ƙarshe sabon maganin ya fito da suna mai kyau, alhali ba shi ya yi aikin ba. Manomi ma da yake son sanin takin da ya fi, ba ya zuba ɗaya a fadama ɗaya a tudu sa'an nan ya kwatanta amfanin. Ƙuri'a ita ce take daidaita gonakin biyu. Kuma ba a yarda a jefa ta sai inda likitoci da gaske ba su san wanda ya fi ba. In an riga an san magani yana ceton rai, hana wa mutum shi don gwaji laifi ne. A wasu gwaje-gwajen akan ba rabin mutanen ƙwayar da babu magani a cikinta, mai kama da ta gaske, domin kada sa rai kaɗai ya ruɗi sakamakon. In za a yi haka, dole a faɗa maka tun farko cewa kana iya faɗawa wannan ɓangare.

Me gwajin nan ya nuna? A farkon 2021 ya nuna cewa azithromycin da doxycycline, magungunan da aka yi ta rubuta wa masu korona a ƙasashe da dama, ba su da wani amfanin kirki a kan cutar. Ya kuma nuna cewa budesonide, wani maganin shaƙa mai araha da masu asma suka daɗe da sani, yana rage kwanakin jinya da wajen kwana 3. Wanda ya biyo bayansa, mai suna PANORAMIC, ya ɗauki mutum fiye da 25,000 don gwada molnupiravir, sabon magani mai tsada. Sakamakon da ya fito a ƙarshen 2022 ya ce maganin yana sa a warke da wuri, amma bai rage kwanciya asibiti ko mutuwa ba a cikin waɗanda suka riga suka yi rigakafi. Ashe gano cewa magani ba ya aiki ma babban taimako ne, domin talaka ya daina zubar da kuɗinsa, jiki kuma ya huta da abin da ba ya bukata.

Ga kuma misalin da ya fi kusa da mu maza masu shekaru. Akwai wani ƙullutu ƙarƙashin mafitsarar namiji da ake kira firostet, wanda ciwon daji yakan kama. Daga 1999 zuwa 2009, ta hannun asibitocin iyali a Birtaniya, an gwada jinin maza fiye da 82,000. Cikin waɗanda aka sami ciwon bai yaɗu ba, 1,643 suka yarda a jefa musu ƙuri'a kashi uku: a yi wa wasu fiɗa, a gasa ciwon wasu da haske na musamman, wasu kuwa a riƙa sa musu ido kawai. Ku dubi ƙarfin zuciyar da wannan yake bukata, mutum ya san yana da daji, ya bar ƙuri'a ta zaɓa masa hanya. Bayan shekara 15, a 2023, aka ga cewa wajen 97 cikin 100 ba ciwon ne ya kashe su ba, ko wace hanya aka bi, ko da yake ciwon ya fi yaɗuwa a cikin waɗanda aka sa wa ido. Yau likita yana iya zama da dattijo ya ce masa ba dole ne a yi gaggawar yanka ba, yana kuwa da hujja.

Amma akwai giɓi. Kusan dukan mazan nan Turawa ne. A Birtaniya kuwa an lissafta cewa baƙar fata ɗaya cikin 4 zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa, alhali cikin maza gaba ɗaya ɗaya ne cikin 8. Wato waɗanda ciwon ya fi kamawa su ne ba a cikin ɗakin sa'ad da ake neman amsa. Haka yake da babban rumbun bincike na UK Biobank, inda mutum 500,000 suka ba da jini da bayanansu tsakanin 2006 da 2010: fiye da 9 cikin 10 fararen fata ne.

Wani zai ce, jiki ai jiki ne, Allah ɗaya ya yi mu. Hakika haka ne. Duk da haka magani ba ya faɗa wa kowa daidai, kamar yadda iri ɗaya ba ya yi a kowace ƙasa. Hawan jini, ciwon surukin nan namu, shi ne shaida. Ka'idar likitocin Ingila ta ce baƙar fata ɗan asalin Afirka wanda ba shi da ciwon sukari a fara masa da irin su amlodipine, ba da wanda ake fara wa matasan Turawa ba, gama an ga wancan bai cika sauke jininmu sosai ba. A 2019 wani gwaji da Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, da mutum 728, ya nuna cewa haɗin magani biyu da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi sauke jini. Wannan sani bai faɗo daga sama ba, mutane ne irinmu suka miƙa hannu aka auna su wata shida. Ko ƙaramin na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, wani bincike a Amurka a 2020 ya nuna takan kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da a jikin farar fata.

To, mu komo ga tsohuwa da maganar Kano, gama ba ta yi ƙarya ba, ba kuwa za mu raina tsoronta ba. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Cikin wannan annoba kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Yara 200 aka ɗauka, wajen rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka sani. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ya sami izini, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Raunin da ya bari a zukata ya fi kuɗin nan girma. Da aka ƙi rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata. Baƙaƙen fatar Amurka ma suna da nasu tabon: daga 1932 zuwa 1972, a Tuskegee, an bar ɗaruruwan maza masu ciwon tunjere ba magani, ana kallon yadda ciwon zai ci su, har bayan an sami penisilin.

Irin waɗannan abubuwa ne suka haifi dokokin da ake bi yau. Bayan shari'ar likitocin Jamus na zamanin Hitila aka rubuta ka'idar Nuremberg a 1947, sa'an nan ƙungiyar likitocin duniya ta fitar da ta Helsinki a 1964. Tushensu ɗaya ne: ba a taɓa mutum sai da yardarsa, bayan ya fahimta, ba tare da tilas ba. A Ingila babu gwajin magani da zai soma sai wani kwamiti mai zaman kansa ya duba shi, a cikinsa kuwa akwai mutanen gari waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba ne. Nijeriya ma ta fitar da tata ka'ida a 2007, hukumar NAFDAC kuma ita ce take ba da izinin gwajin magani. Doka ba ta kawar da haɗari duka ba. A 2006, a Landan, samari 6 masu lafiya sun kusa mutuwa da aka fara gwada wani sabon magani a jikinsu. Sai dai wannan matakin farko ne, wanda akan yi a wurare na musamman. Abin da yakan iso asibitin iyali galibi ya riga ya wuce wannan mataki, ko kuma tsohon magani ne ake gwadawa ta sabuwar hanya.

Sanƙarau ɗin nan kansa, ta hanyar gwaji aka ci ƙarfinsa. Allurar MenAfriVac, wadda aka gwada a Mali, Gambiya, Senegal da Gana, an soma yin ta a Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011. Irin sanƙarau da ya yi ɓarnar 1996 ya kusa ɓacewa a inda aka yi ta.

Saboda haka ga abin da muka faɗa wa iyalin. Wasiƙar roƙo ce, ba umarni ba. Kafin mutum ya sa hannu za a ba shi takardar bayani, yana da ikon kai ta gida ya karanta a natse, ya yi shawara da matarsa ko wani da ya amince da shi. In Turancin ya yi masa nauyi, ya nemi tafinta, ba abin kunya ba ne. Ya tambaya: me ake son ganowa? Me za a yi mini wanda ba a yi wa sauran marasa lafiya? Zan daina maganin da nake sha yanzu? Wace illa aka riga aka gani? In wani abu ya same ni da tsakar dare, wa zan kira, wa zai ɗauki nauyi? Ina za a kai jinina, har yaushe za a ajiye shi? Wa yake biyan kuɗin binciken? Ya kuma faɗi dukan abin da yake sha, har da saiwa da sassaƙen da ake aika masa daga gida, gama ɓoye wannan yana iya cutar da shi, ya kuma ɓata sakamakon. In yaro ne ƙasa da shekara 16 za a gwada wa magani, sai da yardar iyaye.

Abu biyu muka fi nanatawa. Na ɗaya, ko bayan ya sa hannu yana iya fita kowace rana ba tare da ya ba da dalili ba, likitansa kuwa zai ci gaba da duba shi kamar dā. Mu mutane ne masu kunyar manya, in likita ya roƙa sai mu ji nauyin cewa a'a. Wannan kunya ba ta da wuri a nan. Na biyu, kada ya shiga da zaton lallai shi zai warke. Mai yiwuwa ya amfana, mai yiwuwa ƙuri'a ta sa shi inda ba sabon abu, mai yiwuwa ma sabon ya zama bai kai tsohon ba. Yawancin amfanin na waɗanda za su zo baya ne. Kuɗin da akan bayar a irin wannan bincike yawanci na mota ne da ɓata lokaci. Duk inda aka ɗaga maka kuɗi mai yawa ana hanzarta ka, ko aka hana ka tafiya da takarda, ka tashi ka kama hanya.

An tambaye mu ko mai bi yana da wani hani ko tilas a wannan al'amari. A ganinmu wanda ya auna ya shiga domin amfanin waɗanda bai sani ba, ya yi aikin ƙauna ga maƙwabci. Wanda kuma ya auna ya ga jikinsa ko halin gidansa ba zai ɗauka ba, ya ƙi, ba shi da laifi, kada kowa ya ɗora masa nauyi. Abin da ba mu so shi ne a yaga wasiƙar ba a karanta ba, ko a sa hannu ba a karanta ba.

Labarin da ya iso mu na ƙarshe shi ne surukin ya kira asibitin. Nas ta gaya masa cewa ba sabon magani ba ne, za a ba shi na'urar auna jini ya riƙa aunawa a gida yana aika musu. Ya karɓi takardar bayanin, ya karanta wa surukarsa ita ta waya, shafi shafi, yana juya mata da Hausa. Tsohuwar ta sa ya maimaita wurin da aka ce yana iya fita, sa'an nan ta ce ya tambaye su ko za a ɗebi jini, in za a ɗeba kuma, cokali nawa.